Tikitin Sallah, zazzaɓin ɗan auta da lafiyar Hajiya

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin garin Bauchi, ina da yara uku, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyar maigidana wadda ta haura shekara 70, tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma ba ta yi allurar rigakafin korona ba. Tun makon jiya maigida ya saya wa yaranmu da na ƙanwarsa tikitin wani bikin yara da za a yi washegarin Babbar Sallar 2021 a wani wurin shaƙatawa, inda za a hau lilo, a yi wasanni, sannan a shiga babban ɗakin taro don rabon kyaututtuka. Yanzu saura kwana biyar, yara ko barci ba sa iyawa don ɗoki. Sai ga shi yau kwana biyu ɗan autana mai shekara shida yana zazzaɓi da tari da yoyon hanci. Na ce a fasa, maigida ya ce murar damina ce kawai, kuma ba a mayar da kuɗin tikiti, don haka ranar in ba shi farasitamol da safe jikinsa ya yi sanyi ya wuce na'urar auna zafi ta bakin ƙofa. Ya nuna mini bayan tikitin inda aka rubuta cewa duk wanda ya shiga da yardarsa ya shiga, masu wurin ba su da alhakin cutar da wani zai ɗauka. Ya ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, kowa da zai je ya riga ya yarda. Ƙanwarsa da ta zo Sallah da yaranta ta ce tsirfa ce ta yi mini yawa da ƙarancin tawakkali, wai korona cutar manyan Abuja ce. Yaron kuma ɗan ɗakin Hajiya ne, a gadonta yake kwana. Ba na son in ɓata wa mutane Sallah, ba na kuma son saɓa wa mijina, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Me zan yi? Daga uwar yara uku, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salamu, ƙanwata. Allah ya ba ɗan auta lafiya, ya ja kwanan Hajiya cikin sauƙi. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu ne na lura cewa abin da ya fi komai gaggawa kin ajiye shi can ƙarshe kamar ba wani abu ba: yaro mai zazzaɓi da tari yana kwana gado ɗaya da dattijuwa mai ciwon suga da hawan jini wadda ba ta yi rigakafi ba. Maganar wurin wasa tana da sauran kwana biyar, wannan kuwa ta daren yau ce. Na san ba ƙaramin nauyi ba ne matar ɗa ta ɗauke jika daga ɗakin kakarsa, shi ya sa nake so ki je da kanki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, “Hajiya, angon naku ba ya jin daɗi, tari yake ta yi cikin dare, kada ya hana ku barci. Bari ya kwana wurina har ya warware, sai ya dawo muku.” Ki ware masa kofinsa da cokalinsa, ki buɗe tagogin ɗakinta iska ta ratsa, ke ma ki riƙa wanke hannu da sabulu kafin ki kai mata abinci ko magani.

Sannan a kai yaron asibiti yau, kada a jira a ga yadda zai kwana. Muna tsakiyar damina, kuma zazzaɓin yaro a Bauchi a watan Yuli, abin da aka fara zato shi ne na cizon sauro, wanda gwajinsa ɗigon jini ne kawai daga yatsa, cikin minti 20 an san sakamako. Irin wannan zazzaɓin yana iya kayar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka yi ta danne shi da maganin sauke zafi ba a kashe tushensa ba. Sai dai ki riƙe wannan: zazzaɓin cizon sauro ba shi ne ke kawo yoyon hanci ba, kuma samun sa a jinin yaro bai nuna cewa babu wata cutar tare da shi ba, domin biyun suna haɗuwa a jiki ɗaya. Ki faɗa wa likita cewa akwai tsohuwa mai ciwon suga a gidan, ki nemi a yi wa yaron gwajin korona, idan kuma ba a yi a inda kuka je, ki kira lambar kyauta ta hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, 6232, a nuna muku inda za ku je.

Yanzu bari mu juya bayan tikitin nan mu karanta shi tare, domin a kansa maigidanki ya kafa hujjarsa, kuma hujjar ba ta rasa kama da gaskiya ba. Wannan rubutun ba a Bauchi aka ƙago shi ba. Manyan wuraren wasa na duniya ne suka yawaita shi lokacin da suka fara buɗewa bayan kulle. Wurin wasa na Walt Disney World da ke jihar Fulorida a Amurka an rufe shi a tsakiyar Maris 2020, ya sake buɗewa ranar 11 ga Yuli 2020, kuma kamfanin ya fito fili ya sanar cewa duk inda jama'a suka taru akwai haɗarin kamuwa da korona, wanda ya zo kuma ya ɗauki wannan haɗarin da yardar kansa. Amma waɗanda suka rubuta wannan magana ba su tsaya a kanta ba. Sun rage yawan masu shiga, sun wajabta takunkumin fuska ga duk wanda ya kai shekara biyu, sun dakatar da faretin da ke tara jama'a da wasan tartsatsin wuta na dare, sun kuma ce mai alamun cutar ya zauna a gida. Ɗan'uwansa na Kalifoniya, Disneyland, ya fi shekara ɗaya a rufe, daga 14 ga Maris 2020 har 30 ga Afrilu 2021. Idan da rubutun bayan tikiti ya isa ya wanke kowa, da wurin bai zauna a rufe wata goma sha uku ba.

Aikin wannan rubutun ɗaya ne: ya kare mai wurin daga ƙara a kotu. Yarjejeniya ce tsakanin mai sayar da tikiti da mai saye. Ba yarjejeniya ba ce tsakanin maigidanki da matar da za ta tsaya a bayanku a layin lilo goye da jariri, balle tsakaninsa da mahaifiyarsa. Gaskiya ne wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma Hajiya ba ta je kasuwa ba, ba ta taya rariya ba, ba ta kuma ga bayan tikitin ba, sai dai ruwan a kanta zai zuba. Mutum yana iya yarda da haɗari a madadin kansa a abin da ya tsaya a jikinsa, kamar wanda ya hau lilo mai tsawo ya san zai iya jin jiri. Cuta mai yaɗuwa kuwa ba ta tsayawa a jikin wanda ya yarda, tana bin sa har gida ta shiga ɗakin wanda ba a tambaya ba.

An taɓa ganin haka ƙuru-ƙuru tun kafin korona. A ƙarshen Disamba 2014 cutar ƙyanda, wato baƙon dauro, ta ɓulla daga wuraren wasan Disney na Kalifoniya. Da hukumomin lafiya suka ƙirga mutum 110 da suka kamu a jihar zuwa watan Fabrairu 2015, sai aka tarar 39 ne kawai a cikinsu suka taka wurin wasan a kwanakin da abin ya faru, kuma 12 daga cikin waɗanda suka kamu jarirai ne da ko lokacin yi musu rigakafin bai yi ba. Ki dubi waɗannan jariran ki gaya mini wace yarda suka bayar.

Daga nan ne na zo kan maganar farasitamol, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin wasiƙar duka. Ba wa yaro mai zazzaɓi farasitamol daidai nauyinsa don ya samu sauƙi abu ne mai kyau. Ba shi don a rufe idon mai gadi kuwa, wannan sunansa algus, ko da maigidanki bai kalle shi haka ba, kuma na yi imani bai kalle shi haka ba, tausayin ɗansa ne da takaicin kuɗinsa suka rufe masa ido. Iyayen da za su kawo 'ya'yansu ranar sun yarda da haɗarin da ba wanda ya san inda yake, sun kuma dogara cewa na'urar bakin ƙofa da amanar sauran iyaye za su tare wanda aka san ba shi da lafiya. Wanda ya san ɗansa yana zazzaɓi ya ɓoye, ya ci wannan amanar. Maganin yana sauke zafin jiki na 'yan awoyi, amma ba ya rage ko ƙwaya ɗaya daga abin da yaron ke fitarwa in ya yi tari ko atishawa. A wannan gaɓar ba ni da shawara biyu: ɗan auta ba zai je ba. Ko da ya miƙe yana guje-guje kafin ranar, lissafi bai cika ba, domin ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ga mai alamun korona ita ce ya keɓe kwana 10 daga ranar da alamun suka fara, a ƙara aƙalla kwana uku da babu alamun, shi kuwa washegarin Sallah kwanansa bakwai ke nan.

Maganar ƙanwar mijinki cewa cutar ta manya ce, na san inda ta samo ta, kuma ba ita kaɗai ke faɗa ba. Sunayen da muka fara ji na manya ne: Gwamnan Bauchi Bala Mohammed da aka tabbatar ya kamu ranar 24 ga Maris 2020, da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 2020. Amma manya su ne suke da hanyar gwaji da wuri, kuma su ne ake sanar da ciwonsu a rediyo. Mu mutanen jihar nan ba mu da uzurin mantawa da watan Mayu na 2020, lokacin da gwamnati ta rufe ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana goma saboda yadda cutar ta bazu a Azare. Mutanen Azare ba a Abuja suke ba. A farkon watan Yuli 2021 kuma hukumar NCDC ta tabbatar da shigowar nau'in Delta na korona ƙasar nan, nau'in da ya fi na baya saurin yaɗuwa, wanda ya cika asibitocin Indiya a watannin Afrilu da Mayu na shekarar har iskar taimakon numfashi ta yi ƙaranci. Rigakafin da ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021 allura miliyan 3.9 ce da ɗoriya, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kowane mutum allura biyu yake buƙata. Ma'ana, a tarukan Sallar 2021, mafi yawan manyan da ke ciki ba su da kariya, yara kuwa a lokacin ba a ma fara yi musu ba. Yawancin yaran da suka kamu suna warkewa ba tare da wahala ba, wasu ma ba a gane sun kamu. Waɗanda cutar ke kayarwa su ne irin Hajiya, masu yawan shekaru da masu suga da hawan jini, ita kuma ta haɗa ukun.

Batun tawakkali kuwa, kada ya karya miki gwiwa. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, a wani wuri da ake kira Sargu labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai ya yanke a juya. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ko Hajjin 2021 mutum 60,000 kacal aka yarje wa, dukkansu mazauna Saudiyya, babu alhaji ko ɗaya da ya tashi daga Bauchi. Idan an taƙaita tsayuwar Arfa don kare rayuka, ba lilo ne zai fi ƙarfin haƙuri ba. Amma ina roƙonki kada ki ɗauki wannan ki je ki yi musu da ita a tsakar gida. Baƙuwa ce, ta zo gidan uwarta, kuma duk gardamar da kika ci a kanta a gaban jama'a za ki biya kuɗinta shekaru masu zuwa. Ki bar yayanta ya gaya mata abin da aka yanke.

Saura yayyen nasa da 'ya'yan gwaggonsu. A nan akwai sassauci, amma yana rataye da sakamakon gwaji. Idan an tabbatar korona ce, ko kuma ba a samu yin gwajin ba, to yaran da suke ci kwano ɗaya da shi suna iya ɗauke da ita ba tare da alama ba, tunda alamun suna ɗaukar kwana biyu zuwa 14 kafin su bayyana, kuma mutum yana fara yaɗa ta kamar kwana biyu kafin ya ji komai a jikinsa. A wannan hali kowa ya haƙura. Idan kuwa gwaji ya nuna ba ita ba ce, manyan suna iya zuwa, amma ba yadda aka tsara tun farko ba.

Zan gaya miki abin da idona ya gani da Ƙaramar Sallah, da na raka jikokina wani wurin wasa. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo da sabulu, amma kafin la'asar ruwan ya ƙare, ba wanda ya sake cikawa, bokitin ya zama wurin jingina. Mai gadi yana ɗora na'urar auna zafi a hannun mutane ba ya ko duba lambar da ta nuna, saboda turereniyar da ke bayansu. Takunkumi kusan kowa yana da shi, amma a haɓa, wasu a aljihu, an tanade shi don wucewa ƙofa kawai. Abin da ya fi ba ni tsoro ba lilon kansa ba ne, domin shi a fili yake, iska na kaɗawa, minti uku an sauko. Layin hawa ne, inda yara da iyaye suka manne da juna fiye da rabin awa, ana ihu ana kiran suna, numfashin wannan a ƙeyar wancan. Sai kuma wata babbar katifar iska mai rufi da yara ke tsalle a ciki, su fi ashirin a lokaci ɗaya, suna karo da juna, majinar wannan a rigar wancan. Na ga yarinya ta cire alawa daga bakinta ta miƙa wa wata da ba ta taɓa gani ba, ita ma ta karɓa da murna. Haka yara suke, kuma ba laifinsu ba ne. Ba za ki iya ce wa ɗan shekara takwas ya ba da tazara a ranar da ya fi kowace rana farin ciki ba.

Abubuwa uku ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kiyaya: rufaffen wuri mara iska, cunkoso, da kusantar juna ana magana. Inda ukun suka haɗu nan ne haɗari ya fi yawa, kuma ɗakin taron da za a yi rabon kyaututtuka ya haɗa su duka, ga kiɗa mai ƙara da zai sa kowa ya ɗaga murya. Ɗaga murya ba ƙaramin abu ba ne a wannan cuta, domin ihu da waƙa suna fitar da tururin numfashi fiye da magana a hankali. Har a Japan ƙungiyoyin masu wuraren wasa sun roƙi jama'a a 2020 da su daina ihu a kan jirgin wasan nan mai hawa da gangara a guje. Don haka idan za a je, a je da hantsi kafin jama'a su cika, a tsaya a wasannin fili, a bar katifar iska da ɗakin taro, babba ɗaya ya riƙe wuri a layi yara suna gefe, a dawo kafin la'asar. A tafi da ruwan sha da abinci daga gida. Wannan na ƙarshen ba don korona kaɗai na faɗe shi ba: jiharmu tana cikin waɗanda amai da gudawa ya fi addaba a 2021, kuma ƙanƙara da zoɓon da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a bakin irin waɗannan wurare ba wanda ya san da wane ruwa aka haɗa su. In sun dawo su yi wanka su sauya kaya, kuma a kwanakin da za su biyo baya, mako guda ko fiye, gaisuwar Hajiya ta zama daga bakin ƙofa ko a tsakar gida, ba hawa gado da cin abinci a kwanonta ba. Wannan shi ne ainihin kuɗin tikitin, kuma ya kamata a gaya wa yaran tun kafin su tafi.

Su ma masu wurin rubutunsu bai sauke musu nauyi ba. Dokar kare lafiya da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu ranar 26 ga Janairu 2021, a wancan lokacin ta wajabta takunkumi a wuraren taruwar jama'a, ta ɗora wa masu wuraren tanadin abin wanke hannu, ta kuma hana tara fiye da mutum 50 a rufaffen wuri in ba na ibada ba. Maigidanki yana da haƙƙin ya kira su ya tambayi yawan tikitin da suka sayar da girman ɗakin, ya kuma gaya musu gaskiya cewa ɗansa ba shi da lafiya, ya nemi a ɗaga musu tikitin zuwa wata rana. Mai sana'ar da ya san abin da yake yi zai fi son haka a kan a shigo masa da mara lafiya. Idan sun ƙi, kuɗin dai ya riga ya fita daga aljihu ko an je ko ba a je ba, abin da ya rage a hannunku shi ne kada a bi shi da kuɗin asibiti.

Yadda za ki tunkari maigida shi ne rabin aikin. Ki bari sai dare, yara sun kwanta, ƙanwarsa ba ta kusa, ya ci abinci ya huta. Kada ki fara da korona, domin kalmar ta riga ta zama abin gardama a gidan, ki fara da mahaifiyarsa. Ki ce masa, “Abban yara, na san don ka faranta musu ka kashe kuɗin nan, Allah ya ƙara buɗi. Ni abin da ke hana ni barci Hajiya ce. In wani abu ya same ta bayan Sallah, ko da ba daga nan ya fito ba, daga ni har kai ba za mu daina tambayar kanmu ba. Mu kai yaron a gwada shi, abin da likita ya ce shi za mu bi.” Kin ga ba ki ce ya yi kuskure ba, kin kuma ba shi hanyar da zai sauya magana ba tare da an ce mace ta juya shi ba, domin gobe zai iya ce wa ƙanwarsa likita ne ya hana. Mafi kyau ma ku je asibitin tare, ya ji da kunnensa. Namijin da ya riƙe uwarsa a gidansa yana sayen maganin sugarta duk wata ba mugu ba ne, bai dai haɗa tikitin da gadonta a lissafi ɗaya ba.

Idan ya kafe, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko limamin unguwa, cikin sirri da ladabi, ba da sigar kai ƙara ba. Abu ɗaya ne nake so ki tsaya a kansa ko da an ɓata miki rai: hannunki ba zai ba yaron magani da niyyar ɓoye ciwonsa ba. Ki faɗi haka a hankali, sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba. Biyayyar aure ba ta kai ga cutar da 'ya'yan mutane ba, kuma shi kansa in ya huce zai gane cewa uwarsa kika tsare masa.

Ɗan auta zai yi kuka, wannan babu makawa, musamman in ya ga yayyensa sun sa kaya sun fita. Kada a yaudare shi da cewa gobe za a kai shi. A gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, cewa ba shi da lafiya, in ya je zai shafa wa wasu yara, in ya warke babansa zai kai shi shi kaɗai ya hau lilon har ya gaji, sannan a cika wannan alkawarin. Ranar ki sa masa kayan Sallarsa ko da a ɗaki zai wuni, ki hura masa balan-balan, ki shimfiɗa masa tabarma a inuwa inda zai hango ana suyar nama, a ajiye masa goron Sallarsa a hannunsa, Hajiya ta yi masa kirari daga bakin ƙofarta.

Ita kuma Hajiya, tunda ta riga ta kwana biyu da shi a gado ɗaya, ki sa mata ido na mako biyu daga yau. Kada maganinta na suga da na hawan jini ya yanke saboda hutun Sallah, a saya tun yanzu, kuma in akwai na'urar awon suga a gida a riƙa aunawa kullum. Idan kika ga zazzaɓi, ko tari, ko ta ce ba ta jin ƙanshi ko ɗanɗanon abinci, a kai ta a gwada. Idan kuwa numfashinta ya fara sama-sama, ko tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko ƙirjinta ya riƙe, ko ta fara rikicewar magana da yawan barcin da ba ta saba ba, to ko ana tsakiyar yanka rago ne a ɗauke ta zuwa sashen gaggawa, domin ba a rufe shi ranar Sallah. Haka shi ma yaron in ya fara numfashi da sauri, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi jijjiga. Da ta wuce waɗannan kwanaki lafiya, ɗanta ya zauna da ita a kan maganar rigakafi, ya bincika a cibiyar lafiya mafi kusa da ku ranar da za a samu, ya kai ta da kansa, in bai yi nasa ba ya fara miƙa hannunsa tana kallo. Ki rubuto mini abin da gwajin yaron ya nuna da yadda kuka ƙare da maigida.